Takun Baba Ya Canza, Ba Wanda Ya Auna

A tsofaffin unguwannin Dutse, irin su Garu da Limawa, ba sai an leƙa waje ake sanin wanda ke wucewa masallaci da asuba ba. Kunne ya isa. Kowane dattijo da takunsa: akwai mai buga sanda sau ɗaya bayan taku biyu, akwai mai gyaran murya a daidai kwana. Wata rana sai maƙwabci ya ji silifar Baba ta fara jan ƙasa, ko ya ji tafiyar da a da take zuwa a jere yanzu tana yankewa. Ba mai cewa komai. In ma ɗansa ya tambaya, amsar ba ta wuce, "Jiki da jini, ɗana. Tsufa ne." Sai ranar da santsin wurin alwala ya kwashe shi, aka ɗauko shi ranga-ranga, sannan kowa zai tuna cewa ai an daɗe da jin tafiyar nan ta canza.

Wannan canjin da kunne ke ji ya bari ya wuce, masana lafiyar tsofaffi sun mai da shi abin awo, kamar yadda ake auna jini ko zafin jiki. Kayan aikinsu wata 'yar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba, wadda ake mannawa a bayan ƙugu, ko a ɗaura a hannu ko idon sawu. Ƙwayoyi biyu ne a cikinta: ɗaya tana jin kowace girgiza ta gaba da baya, sama da ƙasa, hagu da dama, ɗayar tana jin juyawa. Duk mai babbar waya yana ɗauke da irinsu a aljihu, su ne ke sa hoto ya kwanta idan an karkata wayar. Na'urar kan rubuta motsin jiki sau 100 a daƙiƙa ɗaya, dare da rana, har mako guda. Daga nan kwamfuta ta tace: saurin tafiya nawa ne, tsawon taku nawa, shin ƙafa ɗaya tana ɗaukar nauyi fiye da 'yar'uwarta, taku nawa mutum ke yi kafin ya gama juyawa, sau nawa ya tashi daga zaune.

Ba don nishaɗi ake wannan ƙididdiga ba. A 2011 likita Stephanie Studenski ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka, ita da abokan aikinta, suka haɗa bayanan tsofaffi 34,485 masu shekara 65 zuwa sama, suka gano cewa saurin tafiyar mutum yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan shekarun da akasarin irinsa ke ƙara yi a duniya. Masu cin mita ɗaya ko fiye a daƙiƙa sun fi tsararrakinsu daɗewa, masu ƙasa da mita 0.6 kuwa suna cikin haɗari. Rai da ajali na Allah ne, binciken ma bai ce ya san ranar kowa ba. Abin da ya nuna shi ne tafiya aiki ne na gayya: zuciya, huhu, ido, kunnen ciki, jijiyoyi, gwiwa da ƙwaƙwalwa duk suna da hannu a taku ɗaya. In ɗayansu ya fara gajiya, ƙafa ce ke fara tona asiri.

Sauri ma ba shi kaɗai ba ne. Wani mai bincike, Jeffrey Hausdorff, ya nuna a 2001 cewa tsohon da tazarar lokacin takunsa ke hawa da sauka, wannan gajere wancan dogo, ya fi yiwuwar faɗuwa cikin shekara, ko da bambancin bai kai wanda ido zai gani ba. A garin Umeya na ƙasar Suwidin kuma, a 1997, wasu masu bincike suka yi gwajin da ba ya cin ko sisi: suna tafiya da tsoho sai su ja shi da hira. Cikin mutum 58, su 12 sai da suka tsaya cak kafin su iya amsawa, kuma 10 daga cikin 12 ɗin sun faɗi kafin wata shida. (A ƙasar Hausa sai an yi hattara da wannan gwaji, domin dattijon da ya tsaya don ya amsa gaisuwa ladabi yake yi.) Mafi ban mamaki shi ne abin da ya fito daga Birtaniya, inda kusan mutum 100,000 suka ɗaura irin wannan na'ura a hannu na kwana bakwai tsakanin 2013 da 2015. Da masana a Jami'ar Kadif suka koma kan bayanan a 2023, sai suka ga motsin wasu ya fara sanyi har shekara bakwai kafin likita ya tabbatar musu da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A gida Najeriya, binciken tsufa na Ibadan, wanda Bekibele da Gureje suka wallafa a 2010, ya tambayi tsofaffi 2,096, kashi 23 cikin ɗari suka ce sun faɗi cikin shekarar da ta gabata. Waɗanda suka yarda suka faɗa ke nan. Duk wanda ya zauna da tsohuwa a Kiyawa ko Jahun ya san takan ɓoye, don kada a hana ta zuwa suna ko a ƙwace mata buta.

Abin da ke biyo bayan faɗuwa a tsakiyar Jigawa kowa ya san shi. Za a fara da mai ɗori, kuma a karayar hannu ko ƙauri sau da yawa ana dacewa. Amma wuyan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, ba wurin da kara da tsumma ke riƙewa ba ne. Aikin tiyata yake so, ko a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko a niƙi hanyar Gaya da Wudil zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 da tsoho mai karaya a bayan mota. Ko a ƙasashen da ake yin aikin washegari, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya cika shekara bayan irin wannan karaya. Inda aka kwantar da mutum a ɗaki wata uku, sai gyambon kwanciya da ciwon huhu su ƙarasa abin da santsi ya fara. A wajen ta'aziyya kuma sai a ce ya rasu bayan doguwar jinya. Ba a ambaton santsin da ya kwashe shi.

Hujjar masu na'ura tana da ƙarfi a nan. Likita minti biyar yake ganin dattijo, kuma dattijon Bahaushe a gaban likita ba shi ne na cikin gida ba. Zai gyara hula, ya tattara ƙarfinsa, ya taka ɗakin kamar ango. "Baba, yaya ƙarfin jiki?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na'urar da ta kwana bakwai a ƙugunsa ita ce ta san cewa da tsakar dare sai da ya dafa bango sau uku kafin ya kai makewayi, kuma rabonsa da gona tun ranar Laraba.

Sai dai na'ura ba ta ganin ƙafa. Girgiza take ji, lissafin da aka ɗora mata ne ke fassara girgizar ya ce wannan taku ne, wancan zama ne. Lissafin kuwa a wani wuri ya yi karatu. Babban shirin Mobilise-D, wanda Jami'ar Newcastle ta Ingila ta jagoranta daga 2019 don daidaita wannan awo, kusan duk mutanen da ya gwada mazauna Turai ne: masu takalmi rufaffe, masu taka daɓe da kwalta, masu zama a kujera da kwana a gado mai tsawo. Binciken da Jami'ar Stanford ta fitar a 2017 kan takun mutum 717,527 a ƙasashe 111 daga wayoyin iPhone ya samo bayanansa. Tsohuwa nawa ce a Sakwaya ko Dundubus take da iPhone? Wayar ma in akwai, ƙarama ce, tana ƙulle a gefen zani ko tana hannun jika.

A kawo wannan lissafi Jigawa, a ga abin da zai tarar. Sunan jihar kansa daga jigawa ya fito, ƙasa mai rairayi, inda ƙafa ke nutsewa taku ya gajarta ko ga matashi. A cikin Dutse kuma akwai hawa da gangara tsakanin duwatsu, da damina ga taɓo da zaizayar hanya. Silifa mai faɗi tana sa lafiyayye ma ya ja ƙafa. Agogon hannu mai ƙirga taku an san shi da ɗaukar motsin hannu a matsayin tafiya, to ina ga tsohuwar da ta wuni tana tankaɗe, tana sussuka, tana taya daka? Za ta cika taku dubbai ba ta fita tsakar gida ba. Hannun da ke riƙe da sanda kuwa ba ya lilo, sai agogon ya rage wa mai shi lada. An kuma daɗe da sanin cewa waɗannan na'urori sun fi yin kuskure idan tafiya ta yi sanyi sosai, wato a kan mutanen da aka fi buƙatar a auna.

Akwai kuma abin da lissafi ba zai taɓa ganewa ba sai an gaya masa: a wurinmu sauri ba na manya ba ne. Dattijo cikin babbar riga ba ya gaggawa a bainar jama'a, basarake ma takama yake yi, kuma addini ya koyar da a je salla cikin natsuwa. Mutum zai iya cin ƙasa da mita 0.8 a daƙiƙa kan hanyar masallaci, iyakar da ƙa'idojin duniya na rigakafin faɗuwa na 2022 suka ɗauka alamar haɗari, alhali in akuya ta shiga gonarsa sai ya tsere wa jikansa. Shekaru ma matsala ce. Jadawalin awon an tsara shi ne bisa shekarun haihuwa, yawancin tsofaffin karkara kuwa da tarihi suke lissafi: wannan ta yi aure shekarar da aka kashe Sardauna, 1966; wancan ya fara azumi lokacin canjin hannu, 1972, ko canjin kuɗi, 1973.

Amma inda lissafin Turai ya makance, nan Jigawa take da abin da wasu ba su da shi. Shahararren gwajin da Podsiadlo da Richardson suka fitar a Kanada a 1991 cewa yake tsoho ya tashi daga kujera mai hannu, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Tsohon da ke salla a tsaye kuwa, a farillai kaɗai, sau 17 yake sauka ƙasa ya tashi kowace rana, ban da nafila, ban da tsugunon alwala da zaman tabarma. Wannan ya fi gwajin kujera wahala nesa ba kusa ba, kuma yana maimaituwa a lokuta sanannu, a tsari ɗaya, shekara da shekaru. Na'urar da aka koya wa gane ruku'u da sujada za ta iya nuna watan da tashi daga sujada ya fara ɗaukar daƙiƙa huɗu maimakon biyu, tun kafin ranar da za a shigo wa Baba da kujerar roba ƙarshen sahu. Kujerun nan da suka yawaita a masallatan Dutse su ma ƙididdiga ce, ba dai wanda ya rubuta ta. Koya wa na'urar wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, mai sashen kwamfuta da kwalejin likitanci a gari ɗaya, tare da likitocin gashin ƙashi na Jami'ar Bayero. Na'urori 'yan ɗaruruwa da ke zagayawa daga gida zuwa gida sun isa a fitar da ma'aunin tafiyar tsohon Bahaushe da Bafulatani a kan ƙasarsa.

Kafin a ɗaura wa kowa komai, sai an yi maganar amana. Ɗaura abu a ƙugu ba baƙo ba ne ga kakanninmu, da yawansu sun girma da guru da laya. Amma layar da ke kai rahoto wata aba ce daban. Jigawa a cikin Kano take har zuwa 27 ga Agustan 1991, kuma mutanenta ba su manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, ko yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Dole a bi ta hannun hakimi da mai unguwa da liman, a yi wa tsoho bayani da Hausar da yake ji, shi da kansa, ba ɗansa ya sa hannu a madadinsa ba. A gaya masa na'urar ba ta ɗaukar murya ko hoto, a tabbatar gaskiya aka faɗa, a nuna masa yadda zai yi da ita lokacin wanka da alwala. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Akwai ma tambayar da doka ba za ta amsa ba: ɗan da ke Abuja yana kallon takun mahaifinsa a waya, kulawa yake yi ko gadi? Dattijon da aka bugo wa waya ana tambayar inda ya je bayan isha'i zai cire abin ya rataye a ƙusa, kuma da gaskiyarsa.

Abin tsoro shi ne wata rana a ji an ba da kwangilar sayo agogunan zamani dubbai don rabawa tsofaffi, a yi biki, a ɗauki hoto, bayan wata biyu batir ya mutu ko jikoki su gaje su. Ba a nan ya kamata gwamnati ta fara ba. Jihar na da mazaɓu 287, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti mai aiki. A kowanne ana iya ja layi biyu da fenti a baranda, tsakaninsu mita huɗu. Wanda ya haura daƙiƙa biyar kafin ya ƙetare, tafiyarsa ta gaza mita 0.8 ke nan. Ma'aikaciyar lafiya ta duba agogon wayarta, ta rubuta a kati kusa da awon jini, ta ƙara da tambayoyi uku: "Baba, kun faɗi a bana? Kuna jin jiri ko rawar ƙafa in kuna tafiya? Kuna tsoron faɗuwa?" Ko da ma'aunin Turai bai dace da shi ba, in aka gwada Baban bana da Baban bara za a ga inda aka dosa. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.36, in aka ɗauki kusan kashi biyar cikin ɗari, rabon masu shekara 60 zuwa sama a Najeriya, ana maganar kimanin mutum 200,000 tun a wancan lissafi. Fenti da agogo ne kawai za su iya kaiwa gare su. Na'ura ta jira waɗanda awon baranda ya nuna suna da matsala.

Awon kuma ba shi da amfani in ba abin da zai biyo baya. Abin daɗi, yawancin magungunan ba su da tsada. A Notingam ta Ingila, gwajin 2005 ya nuna cire yanar ido ga mata masu shekara sama da 70 ya rage faɗuwa da kashi 34 cikin ɗari, yanar ido kuwa ita ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya. Atisayen ƙarfafa ƙafa na Otago, daga Niyu Zilan, wanda ake yi a gida da dafa bango ko kujera, ya rage ta da kashi 35. Sai duba maganin hawan jini da ke sa jiri in an miƙe, da maganin barci da ake saya a kemis ba takarda, da ciwon suga da ke kashe jin tafin ƙafa. Sai fitila mai caji da rana a hanyar makewayi, ƙarfen dafawa a wurin tsuguno, kaushin siminti a wurin alwala, da takalmi mai riƙe dunduniya. Batun taku 10,000 a rana kuwa a ajiye shi: daga tallan wata na'urar Japan ta 1965 ya samo asali. Binciken Jami'ar Harvard na 2019 kan mata 16,741, masu matsakaicin shekara 72, ya ga amfani tun daga taku 4,400, kuma bai ga ƙari ba bayan 7,500.

Jigawa ba baƙuwa ba ce wajen riga wasu. Tun 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, shekaru kafin Ibadan ta buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan a 2012, kuma kafin cibiyar kula da dattawa ta tarayya ta fara aiki a 2021. Tana ma da wurin gwaji a shirye. Kowace shekara maniyyatan jihar, da yawansu dattawan da suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera, sukan bi layin duba lafiya kafin su tashi daga filin jirgin sama na Dutse. Ana auna jini, ana yin allura, ba a auna ƙafar da za ta yi aikin. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita uku ne, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa a Mina, a ƙasar da zafi ya kashe fiye da alhazai 1,300 a 2024. Mai cin mita ɗaya a daƙiƙa zai gama sa'ayi cikin minti 50. Hajiyar da ke cin mita 0.6 tana buƙatar kusan awa ɗaya da minti 25, in ba ta tsaya hutawa ba ko sau ɗaya. Layi biyu a barandar sansanin alhazai za su nuna ta wata uku kafin tashi, lokacin da akwai sauran damar a duba idonta, a gyara maganinta, a sa ta atisaye, a kuma rubuta sunanta cikin waɗanda za a tanadar wa keken turawa a Makka.